Tsohon da Ya Ƙwace Mini 'Ya da Ingilishi

Daga Allah muka zo, wurinSa za mu koma, Baba kuwa ya riga mu. Wata Talata ya cika, bayan azahar, ana yayyafi. Kafin la'asar layinmu na unguwar Birik, a nan Yawunde, ya toshe da mutane, har masu moto, wato 'yan acaɓa, suka riƙa zagayawa ta bayan masallaci suna mita.

Ni surukarsa ce, matar autansa. Gidansa aka kawo ni, a nan na haihu, kuma tun rasuwar matarsa Hajiya ni nake dafa abin da yake ci. Na ɗauka na san shi. Sai a zaman makoki na gane kowa a unguwar nan yana da nasa Baban, kuma kowa ya zo da nasa a baki.

Wata ma'aikaciyar asibiti ta shigo da farar rigarta a ƙarƙashin hijabi, ta zube kan tabarma ta ce, "Wayyo Malam. Cikin duk waɗanda ya koyar, ni ya fi so."

Wata mai atamfa a kasuwar Mokolo ta ɗago, hawaye shaɓe-shaɓe a fuska. "Ke? Ke da yake kira mai rabin zance? Ai ni ya ce da an bar ni na yi karatu da na zama gwamna."

"Gwamnan atamfa ba."

Aka kwashe da dariya, sai da wata tsohuwa ta buga carbi a tabarma ta ce a ji tsoron Allah, gidan mutuwa ne. Daga zaure kuma muryar wani mahauci na Etudi ce ke shigowa, yana ba maza labarin yadda ya zo koyon Ingilishi da furfurarsa saboda masu sayen nama 'yan Bamenda. Wai ya rubuta rabin magana a allo ya ɗiga aya, sai Baba ya dube shi ya ce, "Sarkin fawa, a mayanka ake raba kai da gangar jiki. A nan ba ma yi."

Ni ina ta zagayawa da kofunan ruwa. Ba wanda ya ce, ke da kike cikin gidan fa? Da an tambaye ni ma ban san me zan ce ba, don ni bai taɓa zaunar da ni ya koya mini komai ba. Na tsaya ina kallon matan nan suna rabonsa a tsakaninsu kamar naman layya, abin da ke raina kuma ba baƙin cikin mutuwa kaɗai ba ne.

Ranar sadakar uku, Goggon yara, wato babbar 'yar Baba da ke aikin ofis tana zaune a Tsinga, ta kira ni gaban dangi. Yarinyar, 'yata ta fari, tana kwance a cinyarta, idanu sun kumbura.

"Amarya," ta ce. Haka take kira na har yau, da 'ya'yana biyu. "Kin san bana yarinyar nan za ta rubuta jarrabawar shiga sakandare. Ke ba Ingilishi, ƙanena ba Ingilishi, mai duba mata kuma ya tafi. In an yi arba'in zan ɗauke ta ta zauna wurina."

Duk ɗakin ya juyo gare ni. Kun san yadda abin yake. 'Yar fari ce, ko sunanta ba na kira, balle in buɗe baki gaban dangin miji in ce ina son abata. Tun ina ƙarama na sha jin abin da uwa ke faɗa a irin wannan wuri, sai bakina ya faɗe shi da kansa.

"Ai taku ce, Yaya."

"Allah ya yi miki albarka," in ji tsofaffi. Na tashi na shiga madafa, na tsaya a kan tukunyar da ba komai a cikinta.

Tun daga ranar nake ta tuna Baba, ina kewarsa ina kuma jin haushinsa, don shi ya ƙulla wannan abin tun farko.

A Yawunde in ka ce Turanci sai an tambaye ka wanne. Mu a Birik na Faransa muka sani, shi ɗin ma ni aji kaɗan na yi aka cire ni. Baba kuwa a Kumba ya tashi, can ɓangaren masu Ingilishi, inda mahaifinsa ke fataucin goro. A can ya yi makaranta, a can ya yi koyarwa, kafin aiki ya kawo shi nan. 'Ya'yansa maza duk sun tsere wa Ingilishinsa, maigidana ya zaɓi keken ɗinki. Goggo kaɗai ta tsaya. Da na haifi yarinyar aka sa mata sunan mahaifiyarsa, ya karɓe ta a hannu ya ce, "Uwata ta dawo." Daga nan ban ƙara samunta ni kaɗai ba. Ranar da ta isa shiga makaranta bai nemi shawarar kowa ba. Ya sa babbar riga, ya kama hannunta, ya kai ta makarantar Ingilishi. Ni sai yunifom na gani.

Kullum bayan la'asar yakan fito da baƙin allonsa ya jingina da bangon baranda, da gwangwanin tumatir da yake tara guntayen alli a ciki. Ba ya jefar da alli sai ya kai girman ƙwayar gyaɗa. Yaran layi su zo, wani lokaci har manya, ba ya tashinsu sai hayaƙin masu tsire ya fara shigowa gida, sai ya ce ciki ya karɓi aiki daga kai, kowa ya tafi. Ba ya duka. Abin da yake yi ya fi duka ciwo. In ka kawo masa rabin magana, sai ya miƙo tafin hannu a buɗe, ya yi shiru, yana kallonka ta saman tabarau. In ka gaji ka ce, "Malam, ai na gama," sai ya ce, "Ina sauran?"

Ba a allo kaɗai ba. Mai gyaran famfo ya taɓa ce masa, "To Malam, in Allah ya kai mu gobe," ya juya zai tafi. Baba ya riƙe masa riga. "In Allah ya kai mu gobe me? Za ka zo ne, ko aure za ka yi?" Ko mai karanta labarai a rediyo bai tsira ba. Sai ka ji tsoho shi kaɗai a ɗaki yana ce wa akwati, "Ja numfashi a nan, yaro. A nan."

Madafata tana kallon barandar, labule ne kawai a tsakani. Suruki ne, ba na zama inda yake, ba na haɗa ido da shi, abinci ma yarinyar ke kai masa. Amma ina jin komai.

Wata rana ina shanya, ƙanwar yarinyar tana goye a bayana, na ji yana ce wa yaran, "Akwai wasu kalmomi a Ingilishi, because, when, if, although. Duk maganar da ta fara da ɗayansu jaririya ce, ba ta tsayawa da ƙafarta, sai da uwa. Because it rained. Saboda an yi ruwa. To? Saboda an yi ruwa rufi ya ɗiga ne, ko akuya ta haihu? Wanda ya sa aya a nan ya ajiye jariri a tsakiyar titin Mokolo ya yi tafiyarsa." Yara suka yi dariya. Ya ce, "Ku dubi tsakar gida." Duk suka juyo suna kallona, shi dai bai juyo ba. "Uwa a gaba, goyo a baya. In haka kuka jera maganarku, ba ruwanku da waƙafi, ɗa yana inda ya saba. In kuwa kuka sako jaririn a gaba, uwar tana biye, sai ku tallafe shi da waƙafi kar ya faɗi."

Ɗaya daga cikin 'yan makarantar Faransanci ta ce, "Malam, birgil ke nan?"

"Birgil a bakinki, koma a bakin Uwata, waƙafi a bakin kakarki. 'Yar ƙugiya ɗaya ce."

Na shige ɗaki da jiƙaƙƙen zane a hannu. Daɗi na ji ko haushi, har yau ban tantance ba. Da bayana aka koya wa 'yata karatu, ni kuwa da za a ce in karanta abin da ke allon, da na sha kunya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne bayan yaran layi sun watse. Sai su rage su biyu, shi a kujera, ita a ƙasa ta jingina da ƙafarsa, suna ta Ingilishi suna dariya. Irin dariyar nan ta har da riƙe ciki, wadda ni ban taɓa sa ta yi ba. In tsaya da ludayi a hannu ina tunani, da ni suke? Da miyata suke? In ta dawo makaranta da sakamako mai kyau, ta gabana take wucewa a guje, jakarta tana dukan ƙafata, sai ɗakinsa. Da zazzaɓi ya kayar da ita, ni na yini ina jiƙa tsumma ina shafa mata a goshi. Da ta farfaɗo, abin da ta fara tambaya shi ne ko Baba ya duba mata aikin gida.

Ita ma Amarya take ce mini, don abin da ta tashi ta ji ana faɗa ke nan. Wata rana ta bar kwanuka a bakin famfo, na ce, "Wallahi in kika bari na tashi…" Sai yarinyar nan ta miƙo mini tafin hannu a buɗe.

"Ina sauran, Amarya?"

Daga baranda na ji wani tari da na san ba tari ba ne.

To daga ranar na fara aikenta da la'asar. Yau gishiri, gobe gawayi, jibi daddawa. Ban ga laifina ba, kuma har yanzu ban gani ba. 'Ya mace ce, ni za a zaga in ta tashi ba ta iya hura wuta ba. Baba ya yi kwanaki bai ce komai ba. Ba zai yi mini magana kai tsaye ba, ni ma ba zan yi masa ba. Rannan ina daka, sai na ji ya ɗauki butar alwalarsa ya ɗaga murya.

"Buta, ke da kike shiga ko'ina a gidan nan, ki tambayar mini. Gishirin gidan nan kullum da la'asar yake ƙarewa?"

Ban san inda na samu ƙarfin hali ba, na duƙa na ce wa turmin da ke gabana, "Turmi, ka gaya wa buta, ranar da aka kai yarinya ɗakinta ba because za ta zuba a miya ba."

Maigidana da ke cin abinci a ƙofar ɗaki ya tsaya da loma a hannu.

"Buta, ki ce wa turmi ya yi gaskiya," in ji Baba. "Amma ki tambaye shi. Shi da aka cire daga makaranta aka haɗa shi da taɓarya, ya ji daɗi?"

Na ci gaba da daka, hawaye na sauka a kan barkono. Ban ƙara aikenta da la'asar ba. Shi ma daga ranar, da an tashi karatu sai in ji ya ce, "Uwata, yau ba hira. Je ki taya turmi aiki." Ba kullum ba. Amma yana yi.

Bayan wannan na lura da wani abu. In ina kai da komo a tsakar gida, Ingilishi zalla yake yi wa yaran. In kuwa ya ji na zauna shiru a bayan labule ina tsince shinkafa, sai ya juya darasin zuwa Hausa, ya ƙara murya, ya maimaita abin da yaran suka riga suka gane. Har su ce, "Malam, ai mun ji." Ya ce, "Akwai wanda bai ji ba." Bai taɓa kallon labulen ba.

Wata safiya maigidana ya kama ni ina maimaita although ni kaɗai a bakin murhu, harshena yana ta sarƙewa. Ya fashe da dariya har yana kiran yarinyar ta zo ta ji. Sai muryar Baba daga ɗaki: "Kai, tela. Zo nan." Na ji yana ce masa, "Kai da aka zuba maka a faranti ka ture, kai ne kake wa mai tsintar abin da ya zube dariya?" Maigida ya fito yana sosa ƙeya, ranar ko shayi bai tsaya sha ba.

Da ciwo ya kwantar da shi, ni nake kai masa kunu, don yarinyar tana makaranta. Nakan ajiye a bakin ƙofa in juya. Wata hantsi ya ce, "'Yata, shigo." Na shiga na durƙusa, idona a kan tabarma.

"Na san na cinye miki ita," ya ce. "Ba da mugunta ba. Kan yarinyar na gani, na kasa haƙuri."

"Ba komai, Baba."

"Akwai komai. Ni ma iyaye suka haife ni."

Ya sha kunun kaɗan ya ce ya yi tsami daidai. Bai ce a kai ta Tsinga ba, bai ce a bar ta a gida ba. Iyakar maganar da muka taɓa yi ke nan ni da shi ba tare da wani abu a tsakani ba, kuma ban ba matan zaman makoki ita ba. Tawa ce.

Da baƙi suka ragu, maigidana ya ga ba na cin abinci. Ya ce, "Ke, maganar zaman makoki ce fa. In ba ki so, in hau Tsinga in gaya wa Yaya a bari. Ba za ta ci ni ba."

Na ce ya ba ni lokaci. A raina kuwa na riga na ce, je ka, je ka yanzu ma. Ni na ɗauki cikinta, ni na yi mata wankan jego tare da nawa, tsoho ya riƙe mini ita shekara da shekaru, yanzu da Allah ya dawo mini da ita sai in miƙa wa 'yarsa?

Sai dai ina da ido. Littafin makarantarta ya fara dawowa da jan biro ta ko'ina. Da la'asar takan zauna a baranda inda ta saba, ta karanta aikinta da ƙarfi, ta yi shiru kamar mai jiran amsa, sannan ta ci gaba. Rannan ta ɗaga labule ta shigo madafa da littafin.

"Amarya, nan da koma ko babu?"

Ba ta taɓa kawo mini karatu ba. Na goge hannu a zane na ce, "Jaririn yana gaba ko yana baya?"

Ta dube ni da mamaki, har ta yi murmushi. "Wannan doguwa ce. Akwai na gaba, akwai na baya, akwai wani kuma a tsakiya."

Na karɓi littafin na ƙura masa ido. Na ga when ɗin, na gane shi kamar yadda ake gane maƙwabci a kasuwa. Sauran duk baƙi ne. Abin da na tsinta ta bayan labule ya ƙare a nan. Ta zare littafin daga hannuna a hankali, ta ce, "Ba komai, zan tambayi madam gobe." Da ta yi mini tsaki ma da ya fi sauƙi.

Ran Lahadi Goggo ta zo gaishe mu. Ko jakarta ba ta ajiye ba, a tsaye ta leƙa littafin, ta nuna wuri da farce, ta faɗi wani abu da Ingilishi tana kwaikwayon muryar Baba. Yarinyar ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Tun da aka fita da gawa ban ji wannan dariyar a gidan ba. A lokacin nan na tsani Goggo, Allah ya sani, na tsani gyalenta da turarenta da farcen nan nata. Kuma na san abin da zan yi.

Da ta tafi na ce wa maigida, "Kar ka hau Tsinga."

"Kin tabbata?"

"Ban tabbata ba. Kar dai ka hau."

Aka yi arba'in. Washegari na shimfiɗa tabarma na ce wa yarinyar ta zo ta zauna in yi mata kitso. Ni fa a kitso ba na jin tsoron kowa a Birik. Mata har daga Mokolo suke zuwa, don nawa yakan yi wata bai motsa ba. Na sa kanta a tsakanin gwiwoyina, na raba gashin, na shafa mai. Na ɗauki lokaci, ban yi sauri ba. Amma ban ja ba. Kowane layi na sake shi sakwa-sakwa, ban ɗaure bakinsa da zare ba.

"Amarya, yau ba zafi," ta ce.

"Yi shiru ki miƙe wuya."

Na kai ta da kaina. Tsinga ba nisa, hawa ne kawai, ga jar laka ta ruwan safe tana kama takalmi. Ita tana gaba da jakar makaranta tana tsalle kan kwatoci, ni ina baya da ƙullin kayanta a ka. Goggo ta tare mu a ƙofa. Yarinyar ta gaishe ta, ta kutsa ciki neman ɗakin da aka ce nata ne, ko waiwaye babu.

Goggo ta kira ta ta dawo. Ta ɗora hannu a kanta, ta bi layin kitson da yatsa, ta ja bakin ɗaya kaɗan, ya fara warwarewa. Ta dube ni. Na dubi ƙasa.

"Amarya, wannan kitson ba zai kai Asabar ba."

"Ba zai kai ba, Yaya."

"Ni kuwa kin san ban iya ba."

"Na sani, Yaya."

Bakinta ya motsa kamar mai danne dariya ko kuka. "To sai a riƙa kawo miki ita ran Juma'a bayan makaranta. Ta kwana biyu, ki gyara."

Na ce to. Na sauke ƙullin, na ƙi shiga shan ruwa, na gangaro Birik ni kaɗai.

Allah ya jiƙan Baba, ya yalwata masa kabari, ya saka masa da abin da ya zuba a kawunan 'ya'yan mutane, har da tawa. Ya haɗa shi da mahaifiyarsa ta gaske, ko ya sakar mini wannan. Na yafe masa, haushin ne bai gama fita ba.

Yau Laraba. Na san zuwa yanzu kitson ya fara tsefewa ta ƙeya.